Mabuɗin Lambun Meri

Ungo mabuɗin, Sallau. Ƙofar gabas takan cije,
sai ka tallabe ta da gwiwa kafin ka murɗa.

Kada ka ga inuwa ka ce haka aka tarar da ita.
Nan rami ne a da, inda Tawa ta ɗebi laka
ta gina ɗakunanta, ta bar mana gurbin.
Damina ta cika shi, kwaɗi su yi sarauta,
rani ya zo ya maishe shi juji,
mushen jaki, fasasshen kasko, tokar unguwa uku.

Shekarar da meri ta ja waya ta kewaye shi
mu shida aka ɗauka.
Bedi ɗari da ashirin muka dasa, kowane kamar tsinke,
ruwa kuwa a kafaɗa, garwa biyu, daga rijiyar Arzika.
Awaki suka ci saba'in.
Fari ya zo ya ɗauki nasa kason.
Talatin da ɗayan da suka rage
na san su kamar haƙoran bakina,
har da giɓin.

Gawon can ya girme mu duka.
Injiniya ya ce a sare shi,
Bizo ya rantse gatarinsa ya ɓace,
bai kuwa fito ba sai da injiniya ya koma Yamai.

Kwamin tsakiya an gina shi don ruwa ya riƙa tsalle.
Ya yi tsalle ranar buɗewa, gaban manya da tafi,
ya ƙara kwana tara.
Yanzu yara ke buga ƙwallo a ciki. Ƙyale su.
Lilonsu sarƙa ɗaya ta fi ɗaya tsawo,
sau huɗu na kai kuka, kai ma ka kai naka.

Benci na uku daga famfo na Tsahara ne
kowace Juma'a da la'asar.
Nan waya ke kawo mata muryar ɗanta daga Abijan.
Kada ka yi shara kusa,
abin da ka ji kuma, ba ka ji ba.

Doka ta ce a rufe ƙarfe goma.
Amma watan jarrabawa, in ƴan lakwal suka taru
ƙarƙashin fitilar kusurwa suna haddar darasi,
agogona yakan yi nawa.
Ɗaya daga cikinsu ce ta duba mini ido bara,
cikin farar riga. Ba ta gane ni ba.
Ni ma ban ce komai ba.

Biyar ɗin nan sun riga ni kwanciya,
ba wanda aka rubuta sunansa a allon ƙofa.

Shekara talatin da huɗu, Sallau,
ban taɓa zama a bencin nan ba.
Gobe da hantsi in ka gan ni ƙarƙashin gawo
na miƙe ƙafa,
kada ka miƙo mini tiyo.