Kunnen Baba

Shekara ashirin da uku tana gindin mangwaro
a bayan gidanmu na Kakuri,
tayoyi huɗu sun durƙusa kamar raƙumin da ya ƙi kaya.
Ja ce a da, ja wur.
Yanzu launin goron da aka tauna aka tofar.

Ƙofa biyu, kujera biyu, ba ta ɗaukar gayya.
Baba ya saye ta hannun wani manajan masaƙa
da zai koma ƙasarsu,
albashin wata goma sha ɗaya,
har yau in Inna ta tuna sai ta ja tsaki.
Ranar da aka rufe masaƙa ya dawo da ita da azahar,
ya zare makulli, ya rataye a ƙusar bayan ƙofa,
bai ƙara ambatonta ba.

Kaji suka gaje ta.
Na sha kwashe ƙwai a kujerar direba.
Ɓeraye suka yi walima da wayoyi,
zanzaro ya gina ɗaki bakwai a bakin salansa,
damina ta shiga ta sama, ta fita ta ƙasa,
tsatsa na cin nata shiru, ba ta yi wa kowa tayi.

Bana na ce zan tashe ta.
Yayana Barau ya ce, "Ladidi, kuɗin adashin nan
ki zuba su a kogi mana, ko kifi ya gode miki."
'Yan gwangwan sun zo sau biyu da sikeli.
Na ce ba kilo nake sayarwa ba.

Bulus bakanike ya zo daga Kurmin Mashi,
ya ɗaga bonet, ya daɗe bai ce uffan ba,
can ya ce, "Bai mutu ba. Barci ne ya yi nauyi."
Muka jiƙa fistin da baƙin mai kwana tara.
Na koyi sifana lamba-lamba,
goma ce mai ɓata, kullum goma.
Na taka Panteka har takalmina ya haddace kwatocinta,
ina cigiyar kafiretar da aka daina yi
tun ban iya ɗaura zane ba.
Wani tsoho mai ido ɗaya ya tono ta ƙasan tulin ƙarafa,
ya goge ta da bakin riga,
ya ce in kawo abin da ya sawwaƙa.
Abin da kasuwa ta rasa, maƙera suka ƙera.

Baba ba ya gani yanzu, yana ta rufe idon.
Yana zaure kan buzu, guduma na ta kai masa labari.
Bai tambaya ba. Ni ma ban faɗa ba.

Ranar Asabar bayan la'asar na murɗa makulli.
Ta yi tari. Ta yi shiru.
Na sake. Tari, atishawa, hayaƙi baƙi ƙirin,
kaji suka watse kamar an zo karɓar kuɗin haya,
sai ta kama,
tana rawar ɗari, tana gurnani
da wata murya da na manta na taɓa sani.

Daga zaure muka jiyo shi:
"Fulogi na uku ba ya ci.
Kuma ku rage mata iska, ba ta son yawa."
Bulus ya dube ni. Ya kwance na ukun.
Baƙi ne, jiƙe sharkaf.

Fenti bai samu ba tukuna, birki ya cinye kuɗin.
Haka muka fita, jikinta dabbare-dabbare da tabon walda,
ni a sitiyari, shi a gefe, hula a cinya.
Muka hau gada, kogi ya cika ya batse da ruwan Agusta,
'yan acaba na nuna mu suna dariya.
Ya ɗora tafin hannu a gaban motar
kamar mai auna zazzaɓin yaro.

Ya ce, "Ladidi, ba ki ji tana roƙo ba?
Sa mata ta huɗu."

Na taka kuloci.
Na sa.