Bashin Gangara

Mu huɗu ke fita daga layinmu a Tumfure
bayan an sallame asuba, an kurɓi koko,
kowa da abin da ransa ya kwanta da shi.

Kwairanga ɗan acaɓa yake so.
Ya ce lokacinsa ba na wasa ba ne,
shagonsa na Tashan Dukku ba ya jiran kowa.
Sai ya ɗare bayan yaro, hula a hammata,
babbar riga ta sha iska ta kumbura,
kafin ka ce kwabo sun sha kwana.
Sau biyu salansa na yi masa tambari a ƙauri,
ya nuna mini tabon yana dariya,
wai kuɗin sauri ne, ya biya ya huta.

Adda Dudu kuwa sai Napep.
Ba don inuwa ba, ita ta faɗa da bakinta:
a nan take jin farashin tattasai
tun ba ta taka bakin kasuwa ba,
a nan ta ji an ɗaga bikin gidan Manga,
a nan wata baƙuwa ta ba ta maganin ciwon gwiwa.
Mutum huɗu a kujerar mutum uku,
kwandon wani a cinyarki, ɗan wata na jan mayafinki,
ta ce ai zaman duniya ke nan, an dai rage masa tsawo.

Yila na asibiti bas yake jira,
wadda ake ɗaure ƙofarta da igiya.
Kujerar baya, jikin taga,
ya jingina kai ya rama barcin da jaririnsa ya ci.
Kwandasta ya san shi,
a Jekadafari yake taɓa masa kafaɗa.

Ni kuma keke.
Baƙin keken da Baffa ya bari,
sirdi ya tsage na naɗe shi da roba,
ƙararrawa ta shaƙe tun ina ɗan aji uku.
Suna yi mini tsiya: Malam, ina albashin?
Maƙo ne, ko tsoron gidan mai?
Nakan yi shiru. Ba su san Gombe ta ƙafa ba.
Garin nan a kwari yake zaune
kamar tuwo a gindin akushi.
Da safe ba na taka feda,
birki kawai nake saki, gari ya ja ni,
iska ta shiga ta hannun riga ta fita ta wuya,
rufin kwano na ƙyalli can ƙasa,
in wuce Mil Uku, in wuce masu rigimar canji,
in wuce Yila baki buɗe a bayan gilashi,
ko sisi ban ba kowa ba.

Sai dai Gombe ba ta yafe bashi.
Abin da ta ranta mini da safe, da la'asar take karɓa.
Hawan nan!
Gumi har cikin takalmi,
numfashi kamar zugazugin maƙeri.
Wata rana in sauka in tura,
ni da keken kamar abokai biyu
da suka dawo daga jana'iza, ba mai cewa uffan.
Kwairanga ya wuce fuu, ya ɗaga mini hannu.
Adda Dudu ta leƙo: Sannu Malam, saura ƙiris!
Ba saura ƙiris ba ne, ita ma ta sani.

A hawan nan nake shirya darasin gobe,
a nan fushin hedimasta yake sakina,
a nan nake tuna yadda Baffa kan tsaya
daidai gindin mainar nan ta gefen titi,
ina zaune a kariya riƙe da allona,
ya ce in sauka, sarƙa ce ta zame,
ashe ƙirjinsa ne ke neman hutu.

Yau ni ma na tsaya a wurin.
Na durƙusa, na daɗe ina duba sarƙar,
har na shafa baƙin mai a yatsa.
Lafiyarta lau.