Gida Biyu, Zaure Ɗaya

Ƙarfe ɗaya da kwata na dare a Shefil,
ruwa na ƙwanƙwasa tagar bene na uku
kamar mai bin bashin da ba ya gaggawa.
Na danna maɓalli. Allo ya yi baƙi ƙirin,
sai wani ɗan layi fari a kusurwa yana ƙifta ido,
wai bai san inda ƙofa take ba.

Gida biyu na gina a cikin kwamfutar nan.
Ɗaya na Windo, can takardun biza suke,
da rasit na haya, da wasiƙun jami'a.
Ɗayan na Linuks, babi huɗu na kundina,
da muryar Baba, minti goma sha ɗaya,
yana koya mini dashen albasa
wata biyu kafin a kai shi makwanci.
Zaurensu ɗaya. Akwai wani dattijo a ciki,
Girab ake ce masa, ba shi da aiki sai tambaya:
yau ina ka nufa?

Jiya Windo ta ce za ta yi kwaskwarima.
Na ce bismilla, na tafi aikin dare a sito.
Ashe gyaran gangar Auzinawa ne,
ta yaɓe zauren, ta kori dattijon,
ko sallama babu.

Na kira Shamsiyya a Gusau,
ƙanwar da na koya wa riƙe fensir,
yau ita ke da shago, maza na layi da kwamfutocinsu.
Ta ɗauka da muryar barci.
"Yaya, kada ka goge komai. Kana da filashin nan?"
Yana aljihun kwat, tare da tsohon tikitin bas.
"An ɗauke wuta, saura kashi tara a wayata.
Soka shi, mu haura ta katanga."

Na haura. Ga ɗakunan faifai a jere,
babu suna, lamba kawai.
"Ɗan ƙaramin can shi ne zauren.
Na biyar naka ne. Ɗaura shi tukuna,
sannan ka ɗora ƙaramin a kansa."
Na rubuta, ya ƙi.
Na sake, ya ƙi.
"Karanto mini, harafi harafi."
Ashe tazara ɗaya na bari
inda ba a barin tazara.
Ta yi tsaki irin na Inna, sak,
har na juya ina neman ta a ɗakin.

Kashi huɗu.
"Yanzu ka shiga, ka yi kamar kai ne mai gida.
Ka ce a mayar da dattijo mazauninsa.
In ya zauna, ka ce ya zaga ya ƙirga..."

Shiru. Gusau ta mutu a hannuna.

Bututun ɗumama ɗaki na ƙara kamar cikin mayunwaci.
Ya ƙirga me?
Na daɗe ina kallon yatsuna.
Gidaje mana. Ya ƙirga gidaje.
Na rubuta a hankali, kamar mai zare ƙaya.
Layuka suka gangaro: ya ga wannan,
ya ga wancan ma, har ita mai korar tasa
ya sa ta a lissafi, bai riƙe ta a zuci ba.

Na zare filashi, na kashe, na kunna.
Ga shi a zaune, da daƙiƙa goma a hannunsa.
Yau ina ka nufa?

Kundin na jira, ranar Litinin za a karɓa.
Ban buɗe shi ba.
"Kada ka binne wuyanta," in ji Baba,
"albasa ba ta son a matsa mata."
Wani zakara na cara a bayansa,
ya cara a Shefil sau uku kafin gari ya waye.

Da hantsi saƙo ya shigo:
"Ya tashi? To a turo na kati."