Kwalbar Mai

Ba na sayen sabo.
Sabo kowa ya san kuɗinsa, yana rubuce a kwali.
Ni abin da ya sha hannu nake bi:
fanka mai tari, dutsen gugar da wayarsa ta ƙone,
rediyon da sai an mare shi yake magana.

Da safe nakan turo baro daga Tudun Wada
in ƙetare gada. Kogi na ƙasa yana tafiyarsa,
shi ma kayan mutane ya ɗauko, bai biya ko sisi ba.

Malam Tanimu na Panteka, wanda ya koya mini,
cewa ya yi: Ɗantala, riba a wurin saye take.
Kada ka yabi kaya a gaban mai shi.
Juya shi, ƙwanƙwasa, ka taɓe baki.
In ya faɗi kuɗi, yi dariya ka kama hanya,
kafin ka kai ƙofa zai kira ka.

Shekara goma sha ɗaya ina taɓe baki.
Da shi na yi aure, da shi na rufa ɗaki biyu.

Ranar Talata a Kakuri,
bayan masaƙar da ciyawa ta cinye,
wata dattijuwa ta yafito ni. Saratu, in ji yaran layin.
Keken ɗinki ne, baƙi, da zanen ruwan zinariya a wuya,
ta lulluɓe shi da tsohon zane kamar mai jin sanyi.
Maigidanta ya saya mata, ta ce,
tun jiniyar kamfani na tashin unguwa da asuba.
Yanzu ido ya daina ganin kafar allura,
ga jika zai rubuta jarrabawa,
ran Juma'a ake rufe rajista.

Na taka. Ya tafi sul, ko tuntuɓe babu.
Zuciyata ta ce dubu sittin, ido rufe.
Bakina ya taɓe da kansa.
Na ce bel ya saki, ƙafa ta yi tsatsa,
yanzu na lantarki ake yayi, Mama.
Sha takwas.
Ta ce albarka. Na kama hanya.
Taku bakwai na ƙirga
ta kira ni.

A ashirin da biyu muka tsaya.
Zan ɗora a baro ta ce dakata,
ta shiga ta fito da 'yar kwalbar mai,
ta ɗiga masa a wurare uku da ita kaɗai ta sani,
ta goge da bakin zanenta, ta miƙo mini kwalbar.
Ka gaya wa wanda zai saya,
ba ya son zare mai kauri.

A Kasuwar Barci ko inuwa ban kai ga nema ba.
Wani tela ya taka sau ɗaya, ya dube ni,
ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya taɓe baki.
Na yi dariya. Gwano ba ya jin warin jikinsa.
Sittin da biyar ya ƙirgo.

Ba haram na ci ba.
Ta sallama, na biya, yaran layi shaida ne.
Haka na faɗa wa kaina ina tura baro wayam,
haka na sake faɗa bayan isha'i
ina jera kuɗin a kan tabarma,
Hansatu na cewa yau ka fita da ƙafar dama.

Sai da na zo cire riga na ji abu a aljihu.
Kwalbar ce. Ban ba tela ba,
maganar zaren ma ban yi masa ba.
Ta tsiyaye, ta yi tabo daidai ƙirji.
Sau biyu Hansatu ta wanke, bai fita ba.

Gobe Alhamis.
Ina da fanka biyu da zan duba a Barnawa.
Daga nan Kakuri ba nisa.
Na ware dubu goma na sa a wancan aljihun,
na mayar da biyar, na sake ɗauko su.
Har yanzu fitila na kunne,
Hansatu na cewa in kashe.