Awon Wuya

Shekara talatin da huɗu ina rubuta mutanen Tawa a kaye:
kafaɗa, hannu, wuya, tsawo,
da wanda ya ba da rabi ya ce saura sai Lahadi.
Bana bakwai ta rame a idona ta koma ɗaya,
uku ta yi tumbi ta zama takwas.
Na yanka wa Malam Arzika rigar suna,
hannunta ya tsaya masa a gwiwar hannu.
Bai yi faɗa ba.
Da ya yi, da na samu barci.

Likita ya ce yana ce, a jira ta nuna,
sai ka ce gwanda.

Kuluwa ta ce, Baba, ai wayarka tana ɗaukar magana.
Na ce wayar da fuskarta sumul kamar bayan tasa,
ina yatsa zai sauka?
Ga jikoki sun cika mata ciki da kokawa.

Sai na tafi wurin Alkasum, bayan tasha.
Ya jera mini uku a kan gilashi
ya fara wa'azi:
wannan tana haɗiye maganar sati guda ba ta ƙoshi,
wannan tana jin tafiyar tururuwa a ɗakin maƙwabci.
Na ce ba gulma na zo saye ba.
Miƙo su nan, hannu ne zai zaɓa.

Ta farko siririya, kamar allurar da ta yi ƙiba,
irin wadda za ta ɓace cikin ƙyallaye kafin azahar.
Ta biyu sai an ɗura mata wuta,
ni kuwa na san wutar unguwarmu:
baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta tafi.
Ta uku mummuna ce, in ji shi,
tsohon yayi, pil biyu take ci.
Amma a gefenta akwai maɓalli mai tudu.
Ka tura sama, ta saurara.
Ka ja ƙasa, ta yi shiru.
Babban yatsana ya gane ta tun kafin a gaya masa.

Jikka ashirin.
Na yi dariya. Sha biyu.
Ya rantse da kuɗin mota daga Ƙonni,
na tuna masa wandon da bai gama biya ba tun bara.
Muka tsaya a sha biyar, da pil kyauta.

Ya ce gwada.
Na kai ta bakina kamar mai hura garwashi:
Arzika, kafaɗa hamsin da biyu,
hannu sittin da bakwai, bakwai na ce,
wuya arba'in.
Ya danna.

Ba ni ne na fito ba.
Babana ne, Nomau tela,
da wannan ɗan kakin kafin lamba,
da yadda yake jan wuyaaa
in yana tsoron mai riga ya ƙara ƙiba kafin salla.
Shekara sha tara da muka kai shi makwanci.
Ashe bai yi nisa ba,
a maƙogwarona ya yi ta zama ban ji shi ba,
don mutum ba ya jin kansa daga waje.

Alkasum ya ce, ba ta yi ba ne? A canza?
Na ce ƙura ce ta shiga mini ido.
Ya san ido ɗaya ne da ni mai jin ƙura,
bai ce komai ba.

Yanzu tana aljihun gaba, tare da alli da goro.
Da safe in auna, in faɗa mata.
Da yamma in ɗauki almakashi,
tsoho ya karanto mini, ni in yanka,
kamar lokacin da nake tsaye kan akwati
don in kai tebur.

Jiya na manta ban ja maɓallin ƙasa ba.
Ta kwashe yini guda:
keke yana ta surutu, mai ƙosai, akuyar Tamo,
da wani tsoho yana neman zaren da ke hannunsa.
Kuluwa ta ce a goge, yana cin wuri.
Na ce bari tukuna.