Ɗakwara a Bayan Gadarif

Nan fa, in ji kawuna Ɗan'azumi,
da can sai ka sunkuya kake wucewa,
ɗakwara na fizge maka hula,
ƙaro na tsatsa a jikinta, jawur.

Sai tarakta ta zo da riɗi da dawa,
ta ci shekara sha biyu, ta kama gabanta.
Ta bar mana baƙar ƙasa duk ta dare,
har ƙafar ɗan akuya kan maƙale.

Bana na jiƙa iri a ruwan zafi,
na cika ledoji da taki da rairayi.
Ɗari huɗu muka dasa, ni da Marka.
Awakin maƙwabta suka ci ɗari uku.
Ba mu kai ƙara ba,
shinge muka ja da ƙayar magarya.

Jiya, gindin wata da ba ta kai gwiwata ba,
na ga gamba ta leƙo, ba wanda ya shuka ta.
Kawu ya tsuguna, ya daɗe bai tanka ba.
Can ya ce, aduwa fa? Kun manta aduwa.
Ya zaro ƙwallo biyar daga aljihu,
duk ya tsotse su tun a hanya.