Daren Alhamis a Ƙarƙashin Shagon Wanki

Mutum goma sha ɗaya na ƙirga, har da ni,
har da Gretchen mai sayar da abin sha, wadda ba ta da zaɓi.
A waje Toledo ta daskare,
ƙanƙara ta binne motoci har wuya.
A nan ƙasa, 'yan Tsatsa suna warware wayoyinsu
ba tare da sun kalli kujerun da babu kowa ba.

Shekara goma sha tara ina murɗa musu maɓallan sauti.
Na san inda lasifikar hagu ke tari,
na san makirufon da ke cizo in an taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu.
Abin da ban sani ba har yau,
yadda gari guda zai kwana a kan wannan kiɗa
bai ji ƙasa na motsi a ƙarƙashinsa ba.

Odell da rana yana kwance ƙarƙashin motocin bas,
baƙin mai bai taɓa barin farcensa ba.
Da dare ya rungumi jitar nan mai igiya huɗu,
babban yatsansa ya mare ta, ɗan ali ya finciko,
sai ka ji abin a haƙarƙari kafin ya iso kunne.

Marisol tana ƙirga bakwai inda kowa ke ƙirga huɗu,
amma ƙafarka ba ta ɓata hanya.
Tsakanin bugu da bugu
tana ɓoye wasu ƙananan bugu kamar raɗa.
Ba ka jin su.
Sai ranar da mura ta kwantar da ita, wani ya hau kujerarta,
muka ga ɗakin ya zama kango.

Shi kuwa Tadeusz, yatsunsa sun san hanya dubu,
sai ya bi uku kawai.
Wannan rowar ita ce gwanintarsa.

Wani mai kamfanin faifai ya taɓa saukowa,
takalminsa na sheƙi.
Ya ce, kun yi wa masu rok rawa da yawa,
kun yi wa masu fank ƙara da yawa,
ban san kantar da zan ajiye ku ba.
Bai jira waƙa ta uku ba.
An ce sai an gwada akan san na ƙwarai.
To, wa ya zauna ya gwada?

Akwai wani wuri a waƙarsu ta ƙarshe
da duka ukun ke tsayawa cak.
Babu mai ɗaga gira, babu mai kallon wani.
Shiru,
har ka ji injin wanki na juyi a samanmu,
har ka fara tsoron sun manta,
sannan su faɗo tare
kamar ƙofa ɗaya aka buga.

A daren jiya wani yaro mai kai abinci ya yi ɓatan adireshi.
Ya tsaya a matakala ta huɗu da kwalaye a hannu,
wayarsa na ta ruri a aljihu.
Bai ɗauka ba.
Abincin wani ya huce a can.

Da aka tashi, dala arba'in da uku ce a hula.
Odell ya raba, ya cire kuɗin mai,
ya miƙa wa yaron faifai daga kwalin da ya shekara takwas bai ƙare ba.
Yaron ya juya shi, ya ce ba shi da abin kunnawa.
Marisol ta yi dariya, ta ɗora masa ganga a kafaɗa.
Ta ce, to kama mana mu hau,
Alhamis kuma ka zo da kunnenka.